Idanun da Ke Ƙarƙashin Farar Ƙasa

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, akwai wata safiya da har gobe ban manta da ita ba. Shekara guda ke nan bayan rushe unguwar Karantina a Jidda, kamfaninmu ya karɓi gyaran wani tsohon gida na dutsen teku a bayan Bab Makka, tsohuwar ƙofar gari, za a mai da shi ɗakin karatu. Ni ne mu'allim, wato babban masu shafe, da mutum huɗu a ƙarƙashina.

Ƙa'idar tsohon gini ita ce ba a dukan bango. Da 'yar wuƙa ake kankare farar ƙasa, ɓawo bayan ɓawo, in wani abu ya bayyana a tsaya a kira muhandisa, injiniyar da ke kula da aikin.

A can ciki akwai wani dogon ɗaki mai lungu a bangon gabas, sak mihrabi. A Jidda kuwa gabas ce alƙibla. Ba mu tambayi kowa ba muka share shi, muka shimfiɗa darduma, Ammu Usman, dattijonmu Bahaushen Sudan, yana jan mu salla.

Ran nan ina kankare lungun sai ido ya leƙo ni. Idon mace, dara-dara, mai sanyi kamar ta daɗe tana jiran wani. Zuciyata ta buga. Nan take na tsara labari a raina: wani attajiri ne ya rasa masoyiyarsa a teku, ya sa aka zana ta don ya riƙa ganinta. Na ci gaba a hankali kamar mai yaye wa amarya lulluɓi. Shuɗin mayafi ya fito. Sai jariri a ƙirjinta. Sama da kanta kuma, gicciye.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

“Innalillahi!” in ji Ɗanjuma, ƙaƙƙarfan cikinmu, mutumin Maraɗi. “Mu'allim, coci ne! Gunki muke ta yi wa sujada!”

Duk muka daskare. Kafin in farga Ɗanjuma ya ɗauko guduma.

“Matsa, Mu'allim. Bugu biyu, shi ke nan, mu shafe, ba wanda ya sani.”

Na tsaya tsakaninsa da hoton, amma rabin zuciyata tana bayansa. Ammu Usman ne ya riƙe masa hannu.

“Ya waladi, ɗana, ajiye. Allah ya san wa muka nufa da goshinmu, kuma ba ya kama bawa da abin da bai sani ba.”

“Ammu, ka bar ni in wanke mana zunubi!”

“Da guduma? Ina tsaye aka ture gidan da aka haifi 'ya'yana a Karantina. Na koma bayan sati, ko ƙofar ban gane inda take ba. Su ma masu hoton nan baƙi ne a garin nan kamarmu, nan suka riƙa kai kukansu. Abin da ya rage musu ke nan. Ba da hannunmu ba.”

Ɗanjuma ya daɗe yana huci, sannan ya saki gudumar, ya fita yana share fuska.

Na kira muhandisa. Da ta shigo ta gani, sai ta dafe ƙirji ta ce, “Ya Allah!” Ta bayyana mana cewa wataƙila ɗakin ibadar wasu 'yan Katolika ne, 'yan kasuwar da suka zauna a gidan tun zamanin jiragen ruwa, hoton kuma Nana Maryamu suke nufi. Wanda ya gaji gidan bai farfasa shi ba, ya lulluɓe shi da farar ƙasa kawai.

Shawara ta hau sama ta dawo: a adana hoton, a yi masa ƙyauren katako mai sassaƙa, a buɗe wa masu bincike kaɗai. Mu kuma muka mai da sallarmu tsakar gida. Ɗanjuma bai ƙara taka ɗakin ba har muka gama, ban kuma tilasta shi ba.

Yanzu ɗalibai ke zama a wurin suna karatu, yawancinsu ba su san abin da ke bayan katakon ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ranar da ka fi firgita ita ce ranar da hannunka ya fi haɗari. Idan bango ya nuna muku abin da ya tsorata ku, ku sa hannuwanku a aljihu, ku kira na gaba da ku.