Ƙullin Dada ya ci aikin Sadiƙu

Jama'ar gidanmu, yau ni Dada na yi ɓarna da bakina! Ni ke faɗa, ana rubuta muku.

Kun san jikana Sadiƙu, mai haɗa manhajar kwamfuta. Ya ƙera wata ta wasa, ya raɗa mata Ƙullin Dada, wai don ina ƙulle gishiri daban, kanwa daban, barkono daban. Ita ma in ka ba ta aiki sai ta yayyanka shi, kowane harafi ta ƙulle shi shi kaɗai!

To ɗazu ga baƙo har unguwarmu Jekadafari, daga masu raba wa 'yan gudun hijira abinci. Ya zo duba manhajar da Sadiƙu ya haɗa musu, in ta yi a ɗauke shi aiki.

Na leƙa na ce, "Nuna masa mai sunana!"

Sadiƙu ya ce, "Ai wannan ta wasa ce."

Na ce, "Au, sunan nawa ne wasa? A gaban baƙo?"

Yaro ya sunkuyar da kai, ya danna. Ashe aikin mutanen ne a buɗe! Innalillahi! Ta bi shi ta daddatsa, kwamfuta ta sandare, sai huci take.

Baƙo ya ce, "Akwai shingayen sojoji a gabana, ba zan iya jira ba." Ya zura takalmi ya fice.

Na ce, "Sadiƙu, yi min faɗa mana."

Ya ce, "Ba komai, Hajiya."

Hajiya fa! Yaron da kullum "tsohuwar matata" yake tsokanata da shi. Ga tuwonsa can a rufe, ko taɓawa bai yi ba.