Karnukan Gwaggo

Duk ranar da tuwo ya kama mini a tukunya, ƙaurin ƙanzo ya tashi, gwaggona nake tunawa. Yayar mahaifina ce, a gidanta na tashi, a wani ƙauye bayan Bungudu.

Mijinta maharbi ne. Da ya rasu, 'yan'uwansa suka raba gona da bindiga, karnukansa uku kuwa babu wanda ya dube su. Sai suka koma bin juji, yara na jifansu. Gwaggo na fita takaba ta kafa musu rumfa a bayan darni, ta ware musu kasko. Daga nan abin ya soma. Makiyaya su tashi da rani su bar gurgun kare a kufai, ta je ta ɗauko. A zubar da 'yan kwikwiyo a kwazazzabo, ta kwaso su a tsohon kwando.

Kowace safiya tana zaga gidaje neman ƙanzo, ta jiƙa, ta dama da dusa. Ta zauna ta cire musu kaska ɗaya bayan ɗaya, ta shafa man kaɗanya a kunnuwan da ƙuda ya cinye. Tana da zane na musamman don wannan aiki, kuma ba ta tayar da salla sai ta canza shi ta wanke hannu da ƙasa. Duk da haka mata suka daina sayen daddawarta. Mu ma a dandali, jikokin karnuka ake ce mana. Na taɓa kai mata ƙara ina kuka. Ta ce, "Ɗiyata, wanda ya halicce su bai ji ƙyamarsu ba. Ni wace ce?"

Wata bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, wani mahaukacin kare ya shigo daga daji ya ciji wani yaro. Aka yi na gida, aka kai shi Gusau, kwana ya ƙare. Mai gari ya ce a kashe duk karen da ke garin.

Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi wurinsa, na bi ta. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, nawa suna ɗaure. Ko ƙofa ba su fita ba."

Ya ce, "Inna, uwar yaron na can tana kuka. In na bar naki, mi zan ce mata?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ta ce, "To a bari in ba su abinci."

Ta dama musu da yawa, har da kindirmon da ta saya don furarmu. Su tara ne lokacin. Ta tsaya har suka lashe kaskon, sannan ta ja hannuna muka shiga ɗaki, samari suka zaga bayan darni da kulake. Ta toshe mini kunnuwa da tafukanta. Nata a buɗe suke.

Da la'asar ita da mahaifina suka binne su a gefen gona. Ta yi wanka, ta wuce gidan rasuwa ta zauna kusa da uwar yaron. Damina ba ta yi nisa ba ta dawo daga ɗiban rama da wani kwikwiyo a kwando. Haka ta ci gaba har Allah ya karɓi ranta. Na ƙarshensu, wani jan kare mai yankakken kunne, ni ta bar wa.

Yau ƙauyen babu kowa. Da 'yan bindiga suka matsa, muka tattara muka dawo Gusau. Mota ɗaya ce, ga tsofaffi, ga yara, ga buhunan gero. Jan karen ya biyo mu da gudu, ya tsufa, yana ɗingishi, har muka hau kwalta. Ina bayan motar riƙe da 'yata, ina kallonsa yana ƙanƙancewa.

A zamanin da ake barin gidaje da kaburburan iyaye, na san babu wanda zai zarge ni don na bar kare. Amma direban ɗan garinmu ne, da na yi magana zai tsaya. Ban yi ba.