Ranar da Na Kira Sunansa a Bakin Teku

Hannunsa na fara gani. Wata Juma'a ce, mun fito daga masallacin Regent's Park, ya miƙa wa yayana hannu, sai na hango farin gari kwance a zanen tafinsa. Na ɗauka fulawa ce. Har na gama tsara wa kaina labarin wani mai gasa burodi da zai so ni, kafin yayana ya ce likita ne, abokin karatunsa tun Kano, garin kuma alli ne da masu hawan dutse ke shafawa don kada hannu ya zame.

Bayan wata biyu ya nemi izinin zuwa zance flat ɗinmu a Lewisham. Ban taɓa kama sunansa ba. Likita nake ce masa, kamar yadda ban taɓa jin Ummanmu ta ambaci sunan Abba ba. Shi kuwa abin yana ba shi dariya.

Da bazara ya kama mana wajen kafa tanti a wani daji da ya gangara har bakin teku. Yaya ya ce ƙafata ƙafarsa. Mun isa ranar Asabar, muka bi wata siririyar hanya cikin dogayen itatuwa masu gansakuka, ko kukan tsuntsu babu, sai ƙarar ruwa can ƙasa. Wajen shan shayi Yaya ya fara tsokana.

“Likita, in ka ji an kira ka a dajin nan, kada ka amsa fa. Ka san dokar tsofaffi.”

“Ai Hajiyata ta ja mini kunne tun ina yaro,” in ji shi. “Sai na ga mai kira.”

“Ka ji likitan Turai!”

“Kai da ka yi bisimilla kafin ka zubar da ruwan zafi ɗazu?”

Muka yi ta dariya.

Da safiyar Lahadi ruwa ya ja da baya, manyan duwatsu baƙaƙe suka fito a kan yashi. Likita ya shimfiɗa katifar da ke tare shi in ya faɗo a gindin ɗaya, ya shafa alli, ya manne da dutsen kamar ƙadangare. Ni ina zaune ina kallon bayansa ina zaɓen launin labulen gidanmu. Can ya ce akwai wani dutse a bayan kwana, zai leƙa ya dawo. Yaya ya koma tanti ɗauko abinci.

Hazo ya taso daga teku ba sanarwa. Kafin in miƙe, dutsen da ke gabana ya ɓace. Sai na ji sanyi a yatsun ƙafata: ruwa ne ya dawo, shiru, ta inda ban zata ba. Na gudu na hau tudu a bakin itatuwa. Shi yana can ƙasa, kuma na san idan bai ji inda tudu yake ba, ruwan zai rufe masa hanya.

Kunya ta fita daga kaina. Na buɗe baki na ƙwala kiran sunansa, sunan yanka, karon farko a rayuwata. Shiru. Na sake, na sake, har muryata ta dushe. Babu amsa sai ruwa yana lasar duwatsu.

Yaya ya iso yana haki. “Ke, ba zai amsa ba! Yi masa sallama.”

Na ce, “Assalamu alaikum, Likita!”

Daga can cikin farin hazon, a hankali, muka ji: “Wa alaikumus salam.”

Muka yi ta sallama yana amsawa yana matsowa, har ya fito, ruwa iya ƙugunsa, babu katifa, jakar alli tana ɗiga. Bai dube ni ba.

Sai a jirgin ƙasa, Yaya yana gyangyaɗi, Likita ya yi magana.

“Na ji kiranki. Na ce wannan ba ke ba ce, ke ba kya faɗin sunana.”

“Tsoro ne ya sa ni, Likita.”

“Na sani. Amma ta ina kika tsaya?”

“Ta wajen itatuwa.”

Ya daɗe yana kallon taga. “Muryar da na fara ji daga cikin teku ta fito. Taki ce sak. Saura kaɗan in bi ta.”

Na ce hazo yana juya sauti, kowa ya sani. Ya gyaɗa kai. Amma daga ranar, duk lokacin da na yi magana bai ga fuskata ba, ko ta waya ko daga kicin, sai ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya amsa. Zuwansa ya ragu. Kafin hunturu ya aiko wa Yaya da ban haƙuri, maganar aure ta mutu.

Shekaru bayan haka Yaya ya je gida ya sami Likita a wani ƙaramin asibiti kusa da iyakar Nijar, inda ko kogi babu. Ya yi aure, yana da 'ya'ya, ya daina hawan dutse. Yaya ya ce ya hango shi a baranda, ya kira sunansa da ƙarfi, bai waiwayo ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, “Alhaji, sai ka zagaya ta gabansa.”