Baba Sikeli da Ramuka Huɗu a Cikin But

Har yau ban manta da kwanar nan ta bayan ma'aikatar katako ba. Bayan motar ya zame, ta juya da ni sau biyu, ta tsaya tana kallon inda na fito. Ko ƙwarzane ban yi ba, amma da labari ya kai wa Umma sai ta ce mako guda ta ba ni, daga nan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ɗauke ta.

Motar ta marigayi mahaifina ce, tsohuwar motar gudu mai ƙofa biyu, injinta a gaba, tayoyin baya ke tura ta. Da na gama digirin injiniya na zana mata sababbin sifirin da shokazoba na baya a kwamfuta, aka ƙera, na ɗaura. Lissafina bai nuna kuskure ko ɗaya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Wani mai walda ne ya tura ni wurin Baba Sikeli. Shekara ashirin ya yi yana auna manyan motoci a bakin wata masana'anta, har ya kai idan ya ga yadda mota ta zauna yakan faɗi nauyinta kafin allura ta tsaya. Da aka rufe masana'antar sai ya koma gyaran ƙasan mota. Garejinsa rumfa ce mai daɓen siminti, an share ta tas. Sikeli huɗu ne a jere, sai gwangwanin alli da igiya mai dalma a baki.

Na miƙa masa takarduna. Ya juya su, ya mayar mini.

“Injiniya, wa ke cikin motar da ka yi wannan lissafin?”

“Babu kowa, Baba. Nauyin da kamfani ya rubuta na ɗauka.”

“To ita kaɗai take fita yawo ke nan?”

Ya sa muka hau da kowace taya kan sikelinta. Ya ce in shiga in riƙe sitiyari, shi kuma yana zagayawa yana rubuta lamba da alli a ƙasa. Gaba ya rinjayi baya sosai. Ya danna bayan motar da gwiwa, ko motsi ba ta yi ba.

“Ka yi mata sifirin kamar za ta ɗauki siminti. Baya babu nauyi, ga tauri. Da me taya za ta kama ƙasa?”

Sai ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar. Ramukan noti huɗu ne a kusurwar da ke nesa da kujerar direba. Ya sa yatsa cikin ɗaya.

“Me ka kwance a nan?”

Na ce wani faifan ƙarfe ne mai tsatsa, kusan kilo arba'in. Na ga ba ya aikin komai, na jefar don mota ta yi sauƙi.

“Babanka ƙato ne, ko?”

Na ce haka ne. Alhali bai taɓa ganin mahaifina ba. Ya ce wanda ya ɗaura ƙarfen nan ya auna mai motar ne tukuna, sannan ya sa masa abokin rinjaye a baya. “Kai kuwa, ɗana, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ka. Rabin wannan ya ishe ka.”

Kwana huɗu muna aiki. Ya cire batir daga gaba ya mayar da shi cikin but, daidai kan ramukan, ya zama rabin nauyin da ya ce. Ya sassauta sifirin, yana ragewa yana aunawa, ni ina zaune a ciki kamar buhu. Na tambaye shi yadda yake jin mota a kwana. Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa koyon tuƙi ba, da keke yake zuwa aiki.

Ranar da mako ya cika Umma ta zo da kanta, lambar mai sayen ƙarfe na cikin wayarta. Ta dubi rubutun allin da ya cika daɓen, ta ce, “Malam, gaya mini gaskiya, abin nan zai kashe mini yaro?”

“Hajiya, tsakani da Allah ban gama ba. Na san nauyin yaron, amma ban san wanda zai riƙa zama gefensa ba. Kujerar nan ta wace ce?”

Umma ta daɗe tana kallon kujerar. Shekara tara rabonta da ita, tun rasuwar mahaifina. Ta miƙo mini jakarta, sai kuma ta karɓe, ta ce ai da ita take fita. Ta buɗe ƙofa ta zauna.

“Auna,” in ji ta. “Amma wallahi idan ka faɗi lambar da ƙarfi, yau za a sayar da motar nan.”

Baba Sikeli ya durƙusa ya rubuta ƙanana-ƙanana, ya rufe da tafin hannu.