Da Yaya Rabi Zuwa Doguwa da 'Ya'yan Kifi

Bebeji

Ana idar da sallar asuba Yaya Rabi ta tsaya a ƙofar gidana. Ban ji zuwanta ba, sai hasken fitila na gani ta ƙarƙashin ƙyaure, domin a-kori-kurar da ta zo da ita ta lantarki ce, ba ta ƙara. Motar ƙungiyarsu ta masu kiwon kifi ce. Yaya ta karɓi kiwon ne bayan rasuwar mijinta, ta koyi tuƙi tana da jikoki, yanzu ita ake turawa duk tafiya mai nisa. Ni rakiya kawai na yi.

A bayan motar akwai tankin roba biyu cike da 'ya'yan karfasa da aka ɗebo daga wajen Tiga, za a kai wa wasu mata a Doguwa da suka haƙa tafkinsu na farko. Wani ɗan inji da aka jona da batirin motar yana hura wa ruwan iska.

"Wannan injin shi ne ransu," in ji ta. "In ya tsaya rana ta yi zafi, gawa za mu kai."

Kwanar Dangora

Gari na wayewa muka tsaya shan koko da ƙosai. Direbobi suka zagaye motar, wani yana neman salansar hayaƙinta bai gani ba.

"Hajiya, ina take shan mai?"

"Rana take sha, ɗana," ta ce, suka kwashe da dariya. Ta leƙa tankunan, ta sa hannu ta ji sanyin ruwan, muka karya kwana muka kama hanyar Tudun Wada.

Tudun Wada

Damina ta yi kyau, shinkafa da masara kore shar hagu da dama. A shingen bayan gari wani jami'i ya leƙa kifin, ya yi mana fatan alheri. Ba mu yi nisa ba, dab da shiga dajin Falgore, na ji motar tana janyewa gefe. Yaya ba ta taka burki da ƙarfi ba, ta bi ta a hankali har ta sauka gefen titi, ko ruwan tanki bai zuba ba. Wani guntun ƙarfe ne ya tsaga tayar baya.

Hantsi ya ɗaga, babu mai faci ko ɗaya a kusa. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ja burkin hannu, ta sa na tare tayoyin da duwatsu. Motar a kunne ta bar ta saboda injin kifin. Na ɗauko jak zan cusa inda na saba a motar mai, ta riƙe hannuna.

"Tsaya, Sani. Duk cikin nan batir ne shimfiɗe. Leƙo ka ga inda aka yi wa jak wurin zama."

Ta kwanta a kan buhu ta nuna mini. Muka sassauta notina, ta hau kan sifana da ƙafa sai da kowanne ya motsa. Amma muna fara ɗagawa ƙasa ta ƙi. An yi ruwa, motar kuma nauyi gare ta kamar an yi mata lodin siminti. Jak ya fara nutsewa, motar ta karkata, ruwa ya fara malalowa daga tanki ɗaya. Gabana ya faɗi.

"Sauke ta," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Muna cikin haka wani dattijo ya iso da amalanken shanu. Yaya ta russuna ta gaishe shi, ta tambayi iyali da damina, sannan ta ce, "Baba, aron katako nake nema." Ya dubi jak ɗin, ya dubi ƙasar, ya zare katakon bayan amalankensa mai kauri ya shimfiɗa mana. Wannan karon motar ta tashi tsaf. Ni da shi muka ciccibo safaya, ita ta daidaita ta, ta ɗaure notina ɗaya nan ɗaya can. Da muka gama ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka," ya mai da katakonsa ya kora shanunsa.

Doguwa

Mun keta dajin lafiya, duwatsu suka fara bayyana, iska ta yi sanyi. Kafin azahar muka isa. Matan suna zaune a bakin tafki tun safe. Shugabarsu, Inna Lami, ta buɗe murfin tanki, ta ga kifin yana wutsil-wutsil, ta rangaɗa guɗa. 'Yan kaɗan ne suka mutu suka taso sama. Yaya ba ta ci tuwon da aka kawo ba sai da ta nuna musu yadda ake haɗa ruwan tanki da na tafki kaɗan-kaɗan kafin a saki kifin.

Komowa

A Tudun Wada muka ba da tayar, mai faci ya ce ta wuce gyara. Muka jona motar a wutar rana ta wani injin casar shinkafa, muka yi la'asar. A hanya na ce, "Yaya, ba ki ji tsoro ba da ta karkata?"

"Na ji mana," ta ce. "Na ga kai ma ka ji, na ce kada mu zama biyu."

Ana kiran magariba muka shiga Bebeji. Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu. Dattijon mai amalanke, ko sunansa ban tambaya ba, Allah ya saka masa da alheri.