Igiyar Birkila

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ata kuma awon hatsi ce a Kasuwar Kure, don haka duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji kamar na sa rigar aro. Ga kuma tsoron kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin wani. Uwar 'ya'yana ta ce ba ta taɓa jin wanda aka kai kotu a kan labarin ƙwallon unguwa ba. Na ce mata komai yana da farko. Abin da ya tilasta mini a ƙarshe shi ne akwai amsar da wani mutum yake jira daga bakina, na kuma rasa hanyar da zan isar masa da ita sai wannan.

A Kpakungu nake tun ina saurayi. A bayan layinmu a da akwai wani fili mai jar ƙasa, ya ɗan gangara ta gabas, a nan ƙungiyar unguwarmu take wasa. Ba wata babbar ƙungiya ba ce. Masu gyaran babur ne da masu walda da direbobin keke-napep, su tashi daga aiki bayan la'asar su zura riga su shiga fili. 'Yan gabanmu ba laifi, suna ci. Amma bayanmu rariya ne. In muka ci biyu, sai mu zauna mu jira ukun da za a rama mana. Har mutanen wasu unguwanni suka riƙa cewa wanda ya daɗe bai ga raga ba ya zo Kpakungu ya warke.

Wurin zamana a bakin filin wani tsohon katakon layin dogo ne. Mai shi abokina ne, tela, wanda aikin reluwe ya kawo kakansa Minna, ya kuma rantse cewa katakon gadon kakan ne. Halinmu ya sha bamban. Shi ko an zura mana huɗu zai ce akwai sauran lokaci. Ni kuwa ko mu ke gaba, ina cikin zullumi har a busa tashi. Shi ya laƙaba mini Malam Fargaba, sunan kuma ya bi ni har kasuwa.

Sai wata shekara wani birkila ya kama ɗaki a layinmu, shi da matarsa da 'ya'yansa. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dogo, ya ɗan manyanta a harkar ƙwallo. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsa, amma babu wanda ba ya gane shi. Ya kalli wasanmu sau biyu daga gefe yana girgiza kai. Daga nan ya roƙi koci ya ba shi lamba biyar, ya kuma bar masa 'yan baya na ɗan lokaci.

Ranar da ya fara atisaye da su, sai ga shi da doguwar igiya, wadda suke jan bokitin siminti da ita zuwa saman bene. Ya ɗaure ta a ƙugunsa, ya ɗaure sauran 'yan bayan uku, kowa da ɗan tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Tela ya miƙe tsaye.

“Kai birkila! Kasuwar shanu za ka kai su?”

“Oga tela, ka yi haƙuri ka gani. Katanga ba bulo ɗaya ba ne. Idan bulo ɗaya ya fita layi, duka ya karkace.”

Dabarar ita ce su huɗun su tsaya a layi guda. Idan abokan hamayya za su turo ƙwallo ta bayansu, sai birkila ya fizgi igiyar ya ce “Ja!”, su taka gaba tare, su bar ɗan gaban can a bayansu shi kaɗai, ya zama ya yi satar gida. A makon farko babu abin da suka yi sai faɗuwa. Ɗaya ya ruga, ɗaya yana hamma, igiya ta kwashe su duka su zube kamar buhunan da aka jera ba daidai ba. Unguwa ta sha dariya. Mata masu tuyar ƙosai ma sun matso da kaskonsu don kada a ba su labari.

Amma a hankali faɗuwar ta ragu. Sai ya kwance igiyar, ya bar kalmar kaɗai. Muka fara wasa muna tashi ba a ci mu ba. Wasa ya bi wasa, mai tsaron gidanmu, wanda a da yake komawa gida gwiwa duk a ɗaye, ya fara fita fili da riga fes.

A nan gardama ta kafu a kan katakon nan, ta kuma ci mana watanni.

“Malam Fargaba, yau kuma me ka gani?”

“Laka ce ta taimake mu. Ƙwallon ba ta gudu a gangaren nan.”

“Makon jiya ka ce rana ce ta kashe musu ido.”

“Ai ta kashe.”

“To gobe sai ka ce aljanu. Kai dai ko Aljanna aka sa ka, sai ka tambayi ƙofar fita saboda gobara.”

Na san ina da wannan hali, amma ba a banza nake tsoro ba. Mai ɗaga tuta a wasannin unguwa ba wani ƙwararre ba ne, duk wanda aka samu ne a ba shi hankici ɗaure a sanda. In ya juya yana sayen rake fa? In birkila ya tashi da mura muryarsa ta dushe fa? Babbar damuwata kuwa ita ce, gyara ne na gaske, ko kuwa mutum ɗaya ne ya tare ƙofa da ƙirjinsa, ranar da ya kauce mu koma rariyarmu?

Ɓarakar farko ma daga wurinmu ta fito, mu 'yan kallo. Kalmar nan ta yi mana daɗi, sai muka ɗauke ta. Da ƙwallo ta doso gidanmu, fili duka ya ɗauka: “Ja! Ja!” Wata ranar muka yi ihun a lokacin da bai dace ba. Biyu daga cikin 'yan baya suka taka gaba, biyu suka tsaya, ɗan gaban can ya bi ta tsakiya ya zura mana. Da aka tashi, birkila ya zo gabanmu yana haki, ya haɗa hannuwa.

“Iyayena, don Allah. Ku yi ihu yadda kuke so, ku zage ni ma idan na yi shirme. Amma wannan ja ɗin namu ne, ku bar mana.”

Bai tsaya nan ba, don ya san bakin jama'a ba ya ɗinkuwa. Ya ɗauki tela aiki. A kowane atisaye tela zai tsaya a gefe ya riƙa kwarma “Ja!” duk lokacin da ya ga dama, wanda kuwa ya motsa saboda muryar tela sai ya yi tsallen kwaɗo har bakin raga. Ban taɓa ganin tela yana jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Har ɗinkin mutane yake ajiyewa.

Ana cikin haka, wata safiya birkila ya zo rumfata a kasuwa ya ce in auna masa masara da wake da ɗan yawa. Na tambaye shi ko biki za a yi. Ya ce a'a, na iyali ne, ya samu aikin gini a wajen Abuja, zai tafi ya bar su kafin ya samu ɗaki. Mudun ya kusa suɓuce mini.

“To 'yan bayan fa?”

“Na ba mai faci kiran.”

Mai facin nan shi ne ɗan baya na hagu, mutum mai kunya, muryarsa siririya kamar ta sauro. Na yamutsa fuska. Birkila ya yi dariya, ya zauna a kan buhun dawa.

“Oga, shi ya sa na zo wurinka. Tela ya ce katanga ya tsaya. Koci ya ce ya tsaya. Amma su ko da taɓo na yi za su ce ya yi kyau. Kai ne ba ka taɓa yabo ba. Ka ga gidajen da na gina a garin nan? Idan an gama an sa get, ko gaisuwa ba na iya shiga. Ban san wanne ya tsage ba, wanne bai tsage ba. Wannan ɗaya ina so in sani. Ranar da kai ka ce ya tsaya, zan yarda.”

Na ce masa ya ɗora mini nauyi. Ya ce ai shi ya sa ya zaɓi mai ɗaukar abu da nauyi. Muka yi musayar lambar waya, ya ɗora buhunsa a kafaɗa ya tafi.

Wasan farko bayan tafiyarsa da samarin Maitumbi ne, a filinsu, su kuwa suna da wani ɗan gaba mai gudu kamar barewa. Muka cika keke muka tafi, ni ban iya cin abincin rana ba. Bayan an dawo hutun rabin lokaci, ɗan tsakiyarsu ya samu ƙwallo babu kowa a kansa, ya ɗaga kai yana neman mai gudun nan. Tela, wanda ya fi kowa sanin dokar, tsoro ya kama shi ya manta. Ya miƙe ya kwarma “Ja!” da dukan ƙarfinsa. Lokacin kuwa bai yi ba, don mai gudun yana can baya bai taso ba tukuna, da sun taka gaba da ya wuce su salin alin. Na runtse ido. Da na buɗe, su huɗun suna nan a layinsu, ko ɗaya bai taka gaba ba, sun ja da baya tare sun fitar da ƙwallon da ka. Ɗaya daga cikinsu ma ya juyo ya ce, “Baba tela, yau ba atisaye ba ne!”

Can an jima sai muka ji 'yar siririyar muryar nan ta mai faci. Suka taka gaba kamar igiyar tana ƙugunsu har yanzu, hankici ya tashi sama. Aka tashi ba a ci mu ba.

Bayan magariba na kira birkila na ba shi labari tun daga farko. Ya yi ta dariya a kan tela. Da na zo kan maganar da ya bar mini, sai ya tare ni.

“Oga, tsaya. Gini ba ya faɗi ranar da aka gama shi. Bari damina ya wuce a kai, ka kira ni.”

Maganar ta yi daidai da raina, don ni ma ban gama natsuwa ba.

Damina ta zo ta yi abin da za ta yi. Don kada in yi ƙarya, an ci mu a cikinta. An ci mu da fenareti, an ci mu ranar da ƙwallo ta suɓuce wa mai tsaron gida cikin ruwa, akwai kuma ranar da mai tuta ya bar tutar ya je fitsari. Amma layin bai tsage ba ko sau ɗaya. Da sabuwar masara ta shigo kasuwa, na ɗauki waya na kira shi. Ba ta shiga ba. Na sake gwadawa washegari, da makon da ya biyo, har na haddace muryar matar nan da ke cewa lambar ba ta aiki. Iyalinsa sun riga sun bi shi tun tsakiyar damina. Mai gidan hayar ya ce bai san komai ba. Na je har cocinsu, wani dattijo ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera da ruwa, ya ce sun ji wancan aikin ya ƙare, wasu na cewa yana Suleja, wasu na cewa ya koma gida.

Shekaru sun wuce tun daga nan. An yanka filin an yi gidaje, wurin da katakonmu yake a da, yanzu shagon cajin waya ne. Ƙungiyar ta koma filin wata makarantar firamare. Mai faci ya yi tumbi, shi ne koci. Tsohuwar igiyar ta ruɓe, an sayi wata, duk sabon ɗan baya kuma sai ya sha faɗuwa a cikinta kafin a ba shi riga. Samarin yanzu suna cewa “Ja!” ba su san bokitin siminti ne asalinta ba. Tela idonsa ya yi rauni, ya koma wurin ɗansa a Maitumbi, amma in ana babban wasa yakan hau keke ya zo, in riƙa faɗa masa abin da ke faruwa a fili. Kwanan baya ya dafa gwiwata ya ce, “Malam Fargaba, tsakaninka da Allah, katangar nan ta tsaya ko ba ta tsaya ba?”

Na ce masa ta tsaya. Ban san abin da baɗi za ta zo da shi ba, ɗan bayan dama na bana ma yana da saurin fita. Amma ta tsaya. Tela ya ce to ba shi ya kamata ya fara ji ba, kuma gaskiyarsa ce.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan. In kun san wani birkila mutumin kudancin Kaduna, dogo, wanda ya taɓa zama a Kpakungu, ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe inda bulo ya taɓa danne shi, ku gaya masa mai awon nan ya ce katanga ta tsaya, damuna da yawa sun wuce a kanta. Ku kuma taimaka ku sanar da ni inda yake da halin da yake ciki, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. In kun shigo Kasuwar Kure ta ɓangaren hatsi, ku tambayi Malam Fargaba, za a nuna muku rumfata.