Babu Ja a Takardar

Shekara talatin da biyu Babanmu yana rubuta allunan shaguna. Daga mai faci har kantin magani, duk layin nan hannunsa ne a saman ƙofofinsu. Mai Fenti ake ce masa. Tabarau a karan hanci, biro biyu a aljihun gaba, jarida a hammata. Wa zai kalli mutumin nan ya ce bai iya karatu ba? Ni 'yarsa ta fari, wallahi sai da na haifi 'ya'ya uku na sani.

Ga yadda yake aikinsa. Mai shago ya rubuto abin da yake so a takarda, Baba ya yanka haruffan a kwali, ya ɗora a allo, ya bi da buroshi. Kwalayen kuma ba ya yarwa. A durowar teburinsa yake jera su gida-gida: STOP da SHOP da DROP a ɗaure da roba guda, HOT da POT a wata, WET da PET da VET a wata. "Uwarsu ɗaya, uba ne kowa da nasa," in ji shi, mu yi ta dariya. Ma'anarsu kuwa da ƙafa ya koya. In an karɓi allo sai ya bi sawu ya ga inda aka kafa shi. Wanda aka kafa a mararraba motoci na cin birki, to tsayawa ke nan. Wanda aka rataya inda ake kai karnuka allura, ya gane. Kalmomi wajen tamanin ya tara a haka, da su ya rufe idon kowa.

Sai idon Mama na hagu ya fara gani dishi-dishi. Da ma tana da ciwon suga. Ta je asibiti, aka yi gwaji, aka ba ta takarda a ambulan. Ta kawo wa mijinta, kamar kowace takarda da ta taɓa shiga gidan. Ya gyara tabarau, ya duba, ya ce, "Ba komai. Ki ci gaba da shan maganinki."

Bayan wata uku na je gida da hantsi, ina neman katinta na asibiti, na ci karo da ambulan ɗin. Jini ne ke tsatstsafowa a bayan idon, in ji takardar. Ta dawo cikin mako ɗaya, in ba haka ba tana iya rasa shi. Mako ɗaya! Na sake duba kwanan watan.

Ban san yadda na isa shagon ba. Na tarar da shi yana wanke buroshi da kananzir.

"Baba, ka karanta wannan?"

"Na duba ta."

"Ka duba ko ka karanta?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Uwata," haka yake kirana, "na bi ta layi-layi. Babu STOP a ciki. Kuma da baƙar tawada aka rubuta ta duka. Ni tunda na fara aikin nan, duk abin da zai cuci mutum da ja ake sa ni in rubuta shi."

Innalillahi! Daga nan na yi masa ihun da ban taɓa yi wa babba ba, har mai facin ya leƙo. Ina jin kunyar abin har yau, amma a ranar ko a jikina.

Da muka mayar da Mama asibiti, likita bai ɓoye mana ba. Na hagu ya tafi, na dama za a yi ƙoƙari. Muna zaune a bencin asibitin, Baba ya je neman ruwa, na kasa haƙuri.

"Mama, kin san kuwa Baba bai iya karatu ba?"

"Tun muna wata biyu da aure na sani."

"Kin sani? Kin sani kika ba shi takardar asibiti? Ni ina nan, me ya hana ki kawo min?"

"In kawo miki, ki tambaye ni me ya hana babanki karantawa, in ce miki me?" Ta gyara mayafinta. "Na ɗauka abin zai jira."

Haushinta nake ji, haushinsa nake ji, ga kuma tausayinsu.

Baba ya dawo da gorar ruwa. Ya zauna ta hagunta, ya buɗe murfin, ya miƙa mata. Hannunsa ya daɗe a miƙe. Ba ta gan shi ba.